Ƙwallonmu na daɗewa a rak: laifin mai faɗuwa ne ko na masu shara?

Lamba9_Zariya:
Assalamu alaikum ƴan'uwa. Tambaya gare ni ga koci-kocinmu da manyan da suka riga mu shiga zari-ruga. Ni nake buga lamba 9 a ƙungiyarmu nan Maradi, wato ni ke ɗauko ƙwallo in rarraba wa ƴan wasanmu, kuma abin da ke damuna shi ne ƙwallo ba ya fitowa da wuri daga rak, wato turereniyar da ake yi a kan ƙwallo a ƙasa bayan an kayar da mai ɗauke da shi. In an kayar da ɗan wasanmu, kafin in sa hannu abokan karawa sun riga sun jera layi suna jiranmu. Wani lokaci ƙwallon na ƙarƙashin cikin wanda ya faɗi, wani lokaci yana tsakanin ƙafafun mutane sai na tono shi. Ni ake kira kullum, "tara, fitar da shi!" A ganina kuwa ƴan gaba ne, ƙarfafanmu masu aikin karo, ba sa isowa da wuri su share wurin, wato su ture abokan karawa daga kan ƙwallon. Me kuke gani, kuma wane atisaye zai gyara wannan?

Sani_Flanka6:
Wa alaikumus salam. Yaya, ka ɗora mana laifi ke nan mu ƴan gaba. Muna isowa. Amma in mutum ya ruga shi kaɗai ya bar mu mita goma a baya, ya je ya faɗi a tsakiyar mutum uku, ta ina za mu riga su?

Kocin_Bagalam:
Wa alaikumus salam ƙanena. Tambayarka mai kyau ce, amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Kafin ka dubi masu shara, dubi wanda ya faɗi da ƙwallon. Yawancin rak da ke daɗewa tun kafin mai ƙwallo ya kai ƙasa ya riga ya lalace.

Ka lura da yaranmu. Mai ƙwallo zai nufi ƙirjin mai tsaro kai tsaye, a tsaye ƙyam, ƙwallo a hannu ɗaya. Mai tsaro ya rungume shi tare da ƙwallon, ya kai shi ƙasa ta baya. Yanzu ƙwallon na maƙale a tsakaninsu, jikin mai kayarwa kuma ya tare hanyar da ƙwallon zai bi ya dawo. Ko ƴan gaba huɗu suka zo a guje, aikin tono za su yi.

Abin da nake koya wa nawa: kafin karo a motsa ƙafa, taku ɗaya gefe, a nufi kafaɗar mai tsaro ko ratar da ke tsakanin mutum biyu, kar a nufi ƙirji. A rage tsawo, a mai da ƙwallo gefen da ke nesa da mai kayarwa. In ya kama ka kar ka daina tura ƙafa, ka nemi taku biyu ko uku, don ka faɗi gaba da shi, ya zama shi ne a bayanka. Da ka taɓa ƙasa aiki na biyu ya fara: ka murɗa jiki da ƙarfin ciki ka juyo da kai da kafaɗu wajen mutanenka, ka miƙa hannu biyu iya tsawonsu, ka ajiye ƙwallon can nesa da ƙafafun masu turereniya. A ajiye shi kamar yadda ake sauke ƙwaryar nono, kar a yar da shi ya yi ta gangara. In an yi haka, lamba 9 zuwa kawai zai yi ya tarar da shi a fili.

Gimbiya_Sevens:
Koci ya faɗi gaskiya. Mu da ke buga na mutum bakwai mun fi jin wannan a jikinmu, don ba mu da mutanen da za mu zuba a rak. Mace ɗaya ce ke zuwa ta rufe, ta biyu ta ɗauka. In wadda ta faɗi ba ta miƙo ƙwallon da tsawo ba, shi ke nan an ƙwace.

Lamba9_Zariya:
Na gode Koci. Amma ko wanda ya ajiye da kyau, in mai rufa masa baya bai iso ba, ai mai ƙwace daga cikin abokan karawa zai sa hannu a ƙwallon kafin rak ya haɗu. Wannan fa?

Malam_EPS:
Bari in shigo da doka, don rabin gardamar da muke yi a fili rashin saninta ne. Doka ta 14 ta hukumar World Rugby ita ce ta kayarwa, ta 15 kuma ta rak. Wanda aka kayar dole nan take ya saki ƙwallo, ko ya miƙa wa wani, ko ya ajiye shi ta duk inda ya so. Wanda ya kayar shi ma dole ya sake shi ya mirgina ya ba da wuri. Rak yana haɗuwa ne in aƙalla mutum ɗaya daga kowane ɓangare suna kan ƙafafunsu, sun haɗa jiki, a kan ƙwallon da ke ƙasa. Daga wannan lokacin ba a sa hannu, sai wanda ya riga ya kama ƙwallon yana tsaye kafin rak ya haɗu.

To kun ga inda tseren yake. Tsakanin faɗuwa da haɗuwar rak akwai ɗan lokaci ƙanƙane, kuma a cikinsa mai ƙwace ke cin abincinsa. Irin su Richie McCaw na New Zealand da David Pocock na Ostareliya a wannan ɗan lokacin suka yi suna. Saboda haka Lamba9 yana da gaskiya a tambayarsa ta biyu: ajiyewa da tsawo tana sayo wa mai rufa baya ɗan lokaci ne kawai, ba ta maye gurbinsa.

Baba_Pilye:
Yara, ku bari tsoho shi sa baki. Akwai abin da duk ba ku taɓo ba, kuma shi ne ciwonmu nan Maradi. Yaranmu da kokowa sunka tashi. Garin Kantu ne wanga, wanda ya fara ɗaukar takobin gasar kokowa ta ƙasa a Tawa a 1975, hilin kokowarmu ma sunanshi gare shi. Yaron da ya tashi yana kallon kokowa, abin da ke cikin jininshi shi ne wanda ya kai ƙasa ya sha kaye. In an kama shi sai shi kafe, shi buɗe ƙafa, shi ƙi zuwa ƙasa ko da mutum uku sun rataye a jikinshi. Shi a ganinshi jarumta ce. A zari-ruga kuwa mi ya faru? Sun riƙe shi a tsaye, abin ya zama mol, wato turereniya a tsaye ƙwallo na hannu, ƙwallo ya ƙi fita, alƙali ya ba abokan karawa mele, wato ƴan gaba na ɓangare biyu su haɗa kai su tura juna, abokan karawa su jefa ƙwallo a tsakani. Ƙarfinshi ya ci shi.

Ku tambayi masu kallon manyan wasanni, da wannan dabara Ayalan ta wahal da Ostareliya a gasar duniya ta 2011, ta ci su 15 da 6. Riƙe mutum sama suka riƙa yi har ƙwallo shi zama nasu.

Ni abin da nike cewa yaro shi ne: faɗuwa a wasan nan kai ne za ka zaɓi lokacinta da wurinta. In ka ji mutum na biyu ya sa hannu a ƙwallo, nemi ƙasa, gwiwa ɗaya ta taɓa, alƙali zai ce kayarwa ce, dole su sake ka.

Sani_Flanka6:
Allah ya ƙara girma Baba. Wallahi haka lamba 8 ɗinmu yake, ɗan kokowa ne tun yana ƙarami. Ba mai iya kai shi ƙasa, amma mu ne ke rasa ƙwallo.

Ɗan_Gulbi_15:
Ni ban yarda kokowa illa ce kawai ba, Baba, ka yi haƙuri. Wajen shara babu kamar ɗan kokowa. Ya san shiga ƙarƙashin ƙirjin mutum, ya san kama ƙafa ya ɗaga, ya san inda nauyin mutum yake. Abin da turawa ke biyan koci ya koya musu, mu yaranmu da shi suka zo. A koya musu faɗuwa kawai, a bar musu sauran.

Baba_Pilye:
Ɗana, ba mu saɓa ba. Ga mai shara alheri ce, ga mai ɗauke da ƙwallo sai an gyara.

Kocin_Bagalam:
Tunda an zo kan shara, Ɗan_Gulbi a kula da abu ɗaya. Akwai kamun da ƴan kokowa ke so, a rungumi mai ƙwace ta ƙugu a murɗe shi gefe a faɗi tare da shi. Wannan World Rugby ta hana shi tun 1 ga Yuli 2024, saboda yadda yake lalata gwiwa da idon sawu in ƙafar mutum ta kafe a ƙasa nauyi ya faɗo mata ta gefe. Yanzu fenariti ne, kuma yana iya kai ga kati. Har yau ina ganin ana koya wa yara shi, don bidiyoyin da ke yawo a waya tsofaffi ne.

Sharar da ta halatta: ka shigo ta bayan ƙafar ɗan wasanka na ƙarshe, ba ta gefe ba. Kai da kafaɗu kar su yi ƙasa da ƙugu. Ka kama da hannu, kar ka shiga da kafaɗa tsirara. Ka shiga daga ƙasa ka tashi da shi sama, ka tura shi baya ya wuce ƙwallon. Kuma mafi sauƙi duka shi ne ka riga shi isa wurin. In kafaɗarka ta riga tasa shiga saman ƙwallon, babu ma wanda za ka share.

Hadiza_Kine:
Ina karatun gyaran gaɓoɓi, kuma ina roƙonku ku ɗauki maganar Koci da muhimmanci. Jijiyar cikin gwiwa in ta tsinke aiki ne na tiyata da watanni masu yawa na jinya, kuma kun san halin da iyalai ke ciki. Wani abin kuma, yaron da ya bugu a kai ya tashi yana layi ko ya rasa inda yake, a fitar da shi, kar ya koma wasa ranar, ko ya rantse lafiyarsa lau.

Baba_Pilye:
Ɗiyata Allah shi yi miki albarka. Mu da munka ga zamanin, ba mu manta Max Brito na Kodebuwa ba. Gasar duniya ta 1995 a Afirka ta Kudu, wasansu da Tonga, mintuna kaɗan da farawa aka kayar da shi mutane sunka faɗo mishi, wuyanshi ya karye. Bai sake tafiya da ƙafarshi ba har ya rasu a 2022. Shi ya sa in na ga yaro ya duƙa ya tura ƙwallo ta tsakanin ƙafafunshi, goshi a ƙasa, wuya a buɗe, nike tsai da wasa. Manya na yi a talabijin, amma ni ban yarda a koya wa yara ba.

Abdul_UDDM:
Ni tambayata daban ce. Duk wannan faɗuwa da miƙa hannu da ake faɗa, a kan ciyawa ake yinsu. Mu filin da muke atisaye ƙasa ce ƙeƙasasshiya da tsakuwa, ga tsidau, bayan damina kuma ƙarangiya. Yaro ya faɗi sau ɗaya fatar gwiwar hannunsa ta saluɓe, gobe ba zai yarda ya sake faɗuwa da son ransa ba. Ina ganin wannan ma na cikin abin da ke sa suna kafewa a tsaye, ba kokowa kaɗai ba.

Gimbiya_Sevens:
Sosai. Mu da dogon wando na roba da riga mai dogon hannu muke yi, ya rage ƙujewa. Kuma kafin a fara kowa na bin fili a tsince tsakuwa da ƙaya a inda za a yi aikin faɗuwa. Ba duka filin ba, ɗan murabba'i kawai.

Ɗan_Gulbi_15:
Ku zo gulbi da rani. In ruwa ya janye yashi ne mai laushi, kyauta. Nan ya kamata a koyi faɗuwa, a fara daga durƙushe, sannan tsugune, sannan da tafiya, kafin a kai ga gudu. Wanda jikinsa ya saba a yashi, in ya je ƙasa mai tauri ya riga ya san ya sauka a gefen jiki da kafaɗa, ba zai tokare da tafin hannu ko gwiwar hannu ba. Gudu a yashin ma yana ƙara ƙarfin ƙafa.

Malam_EPS:
Shawarar yashi ta yi, sai dai a sani yashi na ɓoye kuskure ɗaya: ƙwallo ba ya gangara a cikinsa. Yaro zai saba yar da shi ya ga ya tsaya cak. Ranar wasa a ƙasa mai tauri ya yi haka, ƙwallon ya gangara ya fita daga rak, abokan karawa su ɗauka. Don haka ko a yashi a tilasta hannu ya zauna a kan ƙwallon ya tsai da shi kafin a ɗauke.

Lamba9_Zariya:
Na karanta duka, na ƙaru. Amma har yanzu ina son a ba ni ma'auni. Rak mai sauri daƙiƙa nawa ne?

Abdul_UDDM:
Abin da masu sharhi suka saba faɗa, ƙasa da daƙiƙa 3 shi ne mai sauri, ana ƙirgawa daga faɗuwar mai ƙwallo zuwa fitarsa. Dalili kuwa a fili yake: a kowane rak dole masu tsaro su koma bayan ƙafar ƙarshe su sake jera layi. In ƙwallo ya fita kafin su gama, wasu na ja da baya, wasu ba su san wanda za su tare ba. Ka nemi wasan Japan da Afirka ta Kudu na 2015 a Brighton, wanda Japan ta ci 34 da 32 lokacin Eddie Jones na kocinsu. Ba su kai su girman jiki ba, amma dubi yadda suke faɗuwa ƙasa-ƙasa, mutum biyu na manne da mai ƙwallo, ƙwallon ya fita kafin ƙattin su juyo. Wannan wasan ya fi dacewa da mu mu kalla, don mu ma ba ƙatti ba ne.

Kocin_Bagalam:
Ƙanena Lamba9, yanzu bari in zo kanka, don kai ma kana da kaso. Ka sa wani ya ɗauki wasanku da waya daga gefe, ka zauna ka kalli kanka kaɗai. Abu uku za ka duba. Bayan ka jefa ƙwallo, kana tsayawa kallo ne ko kana bin sa nan take? Lamba 9 da yawa sai sun ga an kayar sannan su fara gudu. Na biyu, in ka iso, a lokacin kake ɗaga kai ka nemi wanda za ka ba? Wannan kallon a hanya ake yin sa, kafin ka iso ka riga ka san dama ko hagu. Na uku, kana ɗaukowa ka miƙe ka yi taku biyu sannan ka jefa? Ka dasa ƙafa ɗaya kusa da ƙwallon, ɗayar ta nuna inda za shi, ka share shi daga ƙasa kai tsaye. Kalli Aaron Smith na New Zealand ko Antoine Dupont na Faransa, ka dubi ƙafafunsu kawai, ka bar hannun.

Daƙiƙa 5 ɗin da alƙali ke bayarwa bayan ya ce a yi amfani da ƙwallo iyaka ce ta doka, kar ka mai da ita lokacinka.

Sani_Flanka6:
Kuma yaya, ka riƙa magana. In kana bayanmu kai ke ganin komai. Ka ce "bar shi" in mutum biyu sun isa, don na uku da na huɗu su tsaya a layi. Sau da yawa ƙwallo na fita da wuri amma babu wanda za a ba, duk mun tattaru a rak ɗaya.

Mai_Usur_Mokoyo:
A matsayina na mai busa wasannin yara, abin da ya fi ɓata saurin rak a nan wanda ya kayar ne da ke kwanciya a kan hanyar ƙwallo. Yana yi kamar ya maƙale, daƙiƙa biyu sun tafi. Mu masu usur in ba mu hukunta shi tun farkon wasa ba, duk atisayenku banza ne. Amma ku ma masu ƙwallo ku sani, mirginawa a ƙasa sau biyu sau uku ko rarrafe bayan an riƙe ku, zan busa. Motsi ɗaya, a ajiye. Kuma mai rufa baya da ya zo ya kwanta a kan ɗan'uwansa don ya rufe ƙwallo, shi ma laifi ne, dole ƙafafunsa su ɗauki nauyinsa.

Ɗan_Gulbi_15:
Malam mai usur, a nan nake da ƙorafi. Wani alƙalin yana barin mirginawa ɗaya, wani yana busawa. Yaro ya rasa wanne zai bi.

Mai_Usur_Mokoyo:
Gaskiya ne akwai bambanci. Shi ya sa kyaftin ya kamata ya tambayi alƙali kafin a fara. Ni dai in motsin na juyowa ne don a ajiye, na bari. In na neman ƙarin fili ne ko hana mai ƙwace da ya riga ya kama, na busa.

Gimbiya_Sevens:
Ga atisayen da muke yi, ko zai amfane ku. Layi mai faɗin mita 5. Mai ƙwallo ɗaya, mai kayarwa ɗaya, mai rufa baya ɗaya, mai ƙwace ɗaya da ke tsaye mita 3 a baya, sai lamba 9. Ana zana layi a ƙasa da ƙafa, tsawon hannu daga inda aka faɗi, in ƙwallo bai kai layin ba ba a ƙirga. Wata na gefe tana ƙirga daƙiƙa da ƙarfi kowa na ji. Ba mu da jakar karo, buhu muke cikawa da ɓuntun shinkafa mu ɗinke, yana ɗaukar duka. A yi shi lokacin da aka gaji, ƙarshen atisaye, don a gajiye ne hannu ke ƙin miƙewa.

Malam_EPS:
Ni na fi son a fara koyar da shi da farkon atisaye, jiki da sauran ƙarfi, har sai ya zauna. Gajiyayyen yaro da bai iya ba kuskuren zai maimaita, kuma a nan ake jin ciwo. In ya iya, sai a mai da shi ƙarshe kamar yadda kika ce.

Lamba9_Zariya:
Koci, na karɓi nawa kason, zan sa a ɗauki bidiyon. Amma ina nan kan bakana a abu ɗaya: in mai rufa baya yana nesa, komai kyan ajiyewa za a ƙwace. Sani ya ce mai ƙwallo ne ke barinsu a baya. To wa zai bi wani, mai ƙwallo ya rage gudu ya jira, ko su su ƙara?

Kocin_Bagalam:
In ya fasa layi ya wuce, kar ya jira kowa, su ne za su bi shi. Amma in karo ne na kusa da rak, wanda an san za a yi, bai kamata ya karɓi ƙwallo ba sai da mutum biyu a kafaɗunsa, ɗaya dama ɗaya hagu, taku ɗaya a baya. In babu su, kai lamba 9 kar ka ba shi, nemi wani.

Baba_Pilye:
Ni ko da ya fasa layi, in ya ga mai tsaron baya ya rufe shi kuma ba kowa kusa, gara shi karkata wajen da mutanenshi suke, shi tsaya kan ƙafa daƙiƙa ɗaya ko biyu kafin shi nemi ƙasa. Nan ne kafewar ɗan kokowa ke da amfani, matuƙar mutum ɗaya ne ya kama shi kuma ƙwallo na nesa da hannunshi.

Sani_Flanka6:
Baba, matsalar ita ce yaro ya gane yaushe ne mutum ɗaya, yaushe na biyu ya iso. Yana cikin karo ba ya gani. Sai dai mu na baya mu riƙa kira masa "ƙasa!" in mun iso. Gimbiya, a atisayen naku mai ƙwace daga mita 3 yake tasowa ko da mai rufa baya na nesa? Ina son mu gwada shi Asabar a gulbi, mu ja mai rufa bayan zuwa mita 5 mu ga ko mai ƙwallo zai iya riƙe ƙafarsa har ya iso.